Sharhi: Ƙaramin Wili da Taya Mai Kauri a Ƙafar Motar Gudu

A cikin gyare-gyaren da masu motocin gudu ke yi a Japan da Amurka da Turai, akwai wani da ya saɓa wa yayin zamani. Ana cire wilin da kamfani ya sa wa mota, a kawo wanda bai kai shi girma ba amma ya fi shi faɗi, sannan a ɗora masa faffaɗar taya mai kaurin gefe. Wili shi ne garen ƙarfen da taya ke zama a kansa, wanda wasu makanikai ke kira rim. Motar gudu kuwa ita ce ƙaramar mota mara nauyi, galibi mai kujera biyu, wadda aka ƙera don daɗin tuƙi da iya shan kwana, ba don ɗaukar iyali ko kaya ba. A ido aikin bai wuce kwance noti da ɗaurewa ba, amma a gaskiya lissafi ne. Abubuwa uku ke yanke hukunci a kansa: tsayin taya gaba ɗaya, sararin da birki ke buƙata a cikin wili, da kuma inda wilin zai tsaya a ƙarƙashin madigadi.

Kafin a kai ga lissafin, yana da kyau a san yadda wili ya yi ta girma tun farko. Kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar tayar radiyal a 1946, kuma ita ce ta zama ruwan dare a yau. Har zuwa shekarun 1960 yawancin tayoyin mota dogon gefe gare su, kusan kashi 80 cikin ɗari na faɗin tayar, a kan wili mai inci 13 zuwa 15. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Pirelli na Italiya ya fito da taya mai suna P7, mai gajeren gefe, wadda aka fara yi wa motocin tseren Lancia, daga baya ta hau Porsche 911 Turbo. Daga nan aka kama hanya. Motoci suka ƙara nauyi da ƙarfin inji, suka buƙaci manyan faifan birki, manyan faifai kuma sai a cikin babban wili. Masu zanen mota su ma sun ga cewa babban wili na jan idon mai saye. Yau inci 19 da 20 da 21 ba abin mamaki ba ne. Hatta gasar Formula 1, wadda ta daɗe tana riƙe da inci 13 da taya mai kumburin gefe, ta koma inci 18 a 2022.

Sai dai ba ko'ina babban wili ke cin kasuwa ba. A gasar rali ta duniya, mota guda takan sa inci 18 idan za a yi tsere a kan kwalta, ta koma inci 15 idan za a shiga hanyar tsakuwa, domin a can gefen taya ne ke tare dukan duwatsu. Masu tseren miƙe, wato waɗanda ke fafatawa a gajeriyar hanya mara kwana a Amurka, su ma sukan sa ƙaramin wili a ƙafafun baya, saboda taya mai laushin gefe takan lanƙwashe ta cafke kwalta lokacin tashi. Waɗannan misalai ne masu motocin gudu na titi ke dubawa idan suka yanke shawarar rage wili.

Motar da ta fi dacewa a yi bayani da ita ita ce Mazda MX-5, wadda ake kira Miata a Amurka, Roadster kuma a Japan. An fara nuna ta a bajekolin motoci na Shikago a 1989, ana ƙera ta a Hiroshima, kuma a 2016 adadin da aka ƙera ya kai miliyan ɗaya. Ta farkon ta zo da wili mai inci 14 da taya 185/60R14. Samfurin da ake sayarwa tun 2015, wanda ake kira ND, yana zuwa da inci 16 a mai ƙaramin inji, da inci 17 a yawancin masu injin lita 2. Nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba. A gasar Spec Miata da ake yi a Amurka da tsofaffin samfuranta, ƙa'ida ta tsayar da wili mai inci 15 da faɗin inci 7, da taya 205/50R15. Wannan ya sa kasuwar wili da taya masu inci 15 ta bunƙasa a tsakanin masu wannan mota, har wasu masu sabon samfuri ke saukowa daga 17 zuwa 16 ko 15.

Lissafin yana farawa daga lambobin da ke jikin taya. Mai injin lita 2 tana zuwa da 205/45R17. Lamba ta farko, 205, faɗin tayar ce a milimita. Ta biyu, 45, tsayin gefen tayar ne, amma ba a milimita ba: kashi 45 ne cikin ɗari na faɗin. Harafin R na nufin radiyal. Lamba ta ƙarshe, 17, girman wili ne a inci. Kashi 45 cikin ɗari na 205 ya ba da milimita 92 da ɗoriya. Inci 17 kuwa milimita 432 ne, tunda kowane inci milimita 25.4 ne. Gefen taya yana sama yana ƙasa, don haka sau biyu ake ƙirga shi. Idan aka haɗa, tsayin ƙafar motar daga ƙasa zuwa sama ya kama milimita 616. Wannan lamba ita ce ma'auni, domin da ita kamfani ya saita maleji, da giya, da tsayin mota daga ƙasa, da na'urorin birki.

Wanda ya sauko zuwa inci 15 ya rasa milimita 51 na ƙarfe, kuma dole ya cike gurbin da roba. Idan ya zaɓi 225/50R15, gefen tayar zai zama milimita 112 da rabi, tsayin duka kuma 606. Bambancin milimita 10 ne kacal, ƙasa da kashi 2 cikin ɗari. Idan kuwa ya zaɓi 225/45R15, tsayin zai sauko zuwa kimanin 584, bambancin ya haura kashi 5 cikin ɗari. Wanda ya tsaya a inci 16 da 225/45R16 zai sami 609, wato ya fi kowa kusa da asali. Masu sana'ar taya sun saba ba da shawarar kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari, sama ko ƙasa.

Dalilin wannan iyaka a fili yake. Maleji ba ya ganin hanya, juyin ƙafa kawai yake ƙirgawa. Gajeriyar taya takan yi juyi da yawa kafin ta cinye kilomita guda, don haka maleji zai nuna gudun da ya fi na gaskiya. Da taya mai tsayin 606, idan allura ta nuna 100 a inda da take nuna gaskiya, motar na tafiya ne a kan 98. Da mai tsayin 584 kuwa, gudun bai kai 95 ba, kuma ma'aunin nisan tafiya zai riƙa tara kilomitocin da ba a yi ba. Gajeriyar taya tana kuma gajarta giya: mota za ta fi zafin tashi, amma inji zai riƙa juyi da yawa a babbar hanya, ya ƙara ƙara da shan mai. Sannan motar za ta sauko ƙasa da rabin bambancin tsayin. Milimita 32 a tsayin taya na nufin milimita 16 a tsakanin cikin mota da ƙasa, kuma a motar da dama can a ƙasa take, wannan ya isa ya sa ta gogi tudun rage gudu. Idan aka yi kuskure ta ɗaya ɓangaren, taya ta fi asali tsayi, maleji zai nuna ƙasa da gudun gaskiya, abin da dokar Turai kan maleji ta haramta. Na'urar hana birki kullewa da na'urar hana mota zamewa su ma suna kwatanta juyin ƙafafu huɗu ne, shi ya sa ba a son na gaba da na baya su bambanta da tsayi fiye da yadda kamfani ya tsara.

To, me ake nema da wannan wahala? Abu na farko shi ne rage nauyi. Nauyin mota kashi biyu ne: wanda ke zaune a kan sifirin, kamar jiki da inji da direba, da wanda ke ƙarƙashin sifirin, kamar wili da taya da birki. Na ƙarƙashin shi ne ke tsalle sama da ƙasa a duk lokacin da aka taka gargada. Idan yana da nauyi, shokozoba kan sha wuya kafin ta mayar da taya kan kwalta, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe komai. Ban da haka wili juyawa yake yi, don haka inji sai ya kashe ƙarfi wajen juya shi, birki ma ya kashe ƙarfi wajen tsayar da shi. Nauyin da ya fi nisa daga cibiya shi ya fi cin ƙarfi, kuma ƙaramin wili yana jawo bakin ƙarfensa kusa da cibiya. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada motar Volkswagen Golf guda da wili daga inci 15 har zuwa 19. Da wili ya ƙara girma sai nauyi ya ƙaru, tashin mota ya ragu, shan mai kuma ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma. Kamfanonin Japan irin su Enkei da Rays sun yi suna a wili mara nauyi; TE37 na Rays, da ya fito a 1996, nauyinsa kilo 3.7 ne a mai inci 15 na farko. Duk da haka ribar ba ta zuwa kai tsaye. Ƙarin faɗi ƙarin ƙarfe ne, faffaɗar taya kuma ƙarin roba ce. Wilin zubi mai arha mai kauri zai iya fin na kamfani nauyi ko da ya fi shi ƙanƙanta. Sikeli ne kaɗai ke raba gardama, kuma wili da tayarsa ake aunawa tare.

Abu na biyu shi ne riƙon hanya. Akwai kuskuren da ya yaɗu cewa faffaɗar taya tana ninka robar da ke taɓa ƙasa. A zahiri girman wurin da taya ke taɓa ƙasa ya fi dogara ga nauyin da ke kanta da iskar da ke cikinta. Motar da kowace ƙafarta ke ɗauke da kimanin kilo 260, da iska 29 a gejin masu faci kamar yadda Mazda ta tsara, sawunta a ƙasa zai kai kimanin murabba'in santimita 130, ko tayar siririya ce ko faffaɗa. Abin da ke sauyawa shi ne siffar sawun. Na siririyar taya dogo ne ta gaba da baya. Na faffaɗa gajere ne, mai faɗi ta gefe. A cikin kwana ƙarfin da ke tura mota waje ta gefe yake zuwa, kuma gajeren sawu mai faɗi ya fi jure shi ba tare da roba ta murɗe ba. Faffaɗar taya tana kuma raba zafi a wuri mai yawa, wanda ke ba masu ƙera ta damar yin amfani da roba mai laushi da danƙo. Kaso mai yawa na ƙarin riƙon da direbobi ke yabawa daga irin robar yake fitowa.

Faɗin wili kuwa shi ke ba taya gindin zama. Kowace taya tana da iyakar faɗin wilin da aka amince mata. Ga 225/50, daga inci 6 ne zuwa 8. Idan aka cusa ta a kan siririn wili, gefenta zai kumbura waje, tsakiyarta ta yi tozo, kuma a kwana sai ta riƙa mirginawa a kan wilin. Idan aka ɗora ta a kan inci 8, gefen zai miƙe sosai ya tokare, tayar ta zauna daidai. Wannan ne ya sa kaurin taya da faɗin wili ke tafiya tare a wannan gyara: faɗin wilin ne ke maido da wani ɓangare na tsaurin da dogon gefe ya rage. Akasin haka shi ne yayin da ake yi na jan siririyar taya a kan wilin da ya fi ƙarfinta don ado, wanda ke barin leɓen wili a waje kuma yana iya sa taya ta fice daga mazauninta.

Abu na uku shi ne gefen tayar kansa. Gefen taya gammo ne tsakanin wili da hanya: shi ke fara karɓar duka kafin ya isa sifirin. Ƙarin milimita 20, daga 92 zuwa 112, ya isa a ji shi a kujera. Idan gajeren gefe ya faɗa rami mai kaifin baki, robar kan matse har ƙarfe ya daki bakin ramin, zaren cikin taya ya tsinke, ƙulu ya fito a gefe, ko wili ya lanƙwashe ko ya tsage. Dogon gefe yana da sararin shanye irin wannan duka. Yana kuma da wani hali da direbobin filin tsere ke so: idan mota ta kusa ƙure riƙonta a kwana, taya mai dogon gefe takan fara zamewa sannu a hankali, ta ba direba alama a sitiyari da kujera, alhali mai gajeren gefe takan riƙe tamau sannan ta saki farat ɗaya. Farashi ma na cikin lissafi, domin galibi taya mai inci 15 ta fi mai inci 17 sauƙin kuɗi, kuma wanda ke zuwa filin tsere a kai a kai yana cin taya kamar me.

Kowane allazi da nasa amanu. Dogon gefe yana lanƙwasa kafin mota ta amsa, don haka tsakanin murza sitiyari da juyawar hancin mota akan sami ɗan jinkiri. Wanda ya saba da zafin amsar gajeren gefe zai ji motar ta ɗan yi sanyi, musamman a sauya layi cikin gaggawa. Faffaɗar taya tana bin kwarin da manyan motoci suka bari a kwalta, ta riƙa jan sitiyari hagu da dama. A ruwan sama kuwa aikinta ya fi yawa, domin ruwan da za ta kora daga gabanta ya fi na siririya faɗi, kuma idan ya fi ƙarfin zanenta sai ta hau kan ruwa, sitiyari da birki su daina aiki na ɗan lokaci. A mota mara nauyi irin MX-5 wannan haɗari ya fi kusa. Akwai kuma batun daɗin tuƙi. Lokacin da Toyota 86 da Subaru BRZ suka fito a 2012, an sa musu taya 215/45R17 ta Michelin Primacy, irin wadda ake sa wa wasu motocin Prius, kuma da gangan aka yi haka don direba ya iya jin iyakar motar a gudun da bai kai na haɗari ba. Motar da ba ta da ƙarfin inji sosai, idan aka cika mata riƙo, za ta fi sauri a agogon filin tsere amma tana iya rasa wasan da ya sa aka saye ta.

Babban shingen da ke gaban ƙaramin wili shi ne birki. Faifan birki da kalifar da ke matse shi a cikin wili suke zaune, kuma ba sa raguwa don an rage wili. Faifan gaba na MX-5 mai injin lita 2 milimita 280 ne, kalifa kuma tana leƙowa sama da shi. Cikin wili mai inci 15 ba ya kai milimita 381 da sunansa ke nunawa, domin akwai kaurin ƙarfe da kuma kwarin da ake bari a tsakiya don sa taya. Shi ya sa wili biyu masu lamba iri ɗaya, ɗaya zai shiga ɗaya ya ƙi. Motocin da aka sa wa manyan kalifofin Brembo galibi ba sa karɓar raguwa mai yawa. Ƙwararren makaniki ba ya ɗora taya sai ya gwada. Yakan ɗaga motar da jak, ya sa wilin tsirara a ƙafar gaba, ya ɗaura noti biyu ko uku, ya juya shi da hannu yana kasa kunne. Sannan ya haska fitila ta tsakanin ƙafafun wilin, ya zura kwali ko siririn ƙarfen awo tsakanin kalifa da cikin wili, yana neman sararin da bai gaza milimita 3 ba ta sama da ta fuska. Yakan kuma duba inda za a manna darmar balansin, domin sau da yawa wili kan wuce lafiya, amma ɗan guntun darmar da aka manna a ciki ya daki kalifa a juyin farko. Niƙe kalifa da giranda don a sami wuri, ko sa ƙaramin faifai a ƙafar gaba, ragi ne a kan abin da ke tsayar da mota, kuma ba a yin sa a motar titi.

Shinge na biyu shi ne mazaunin wili, wanda ake rubutawa da haruffan ET da lamba a bayan wilin. Lambar tana nuna tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne da habu, a milimita. Babbar lamba tana shigar da wili ciki, ƙarama tana fito da shi waje. Wilin kamfani na MX-5 mai inci 17 faɗinsa inci 7 ne, da ET45. Idan aka kawo mai inci 8 da lamba iri ɗaya, ƙarin incin zai rabu biyu, kusan milimita 13 ciki, 13 waje. Na cikin na iya gogar shokozoba ko hannun ƙafa. Idan aka zaɓi ET35, wilin duka ya matso waje da milimita 10: ta ciki ƙarin bai kai milimita 3 ba, ta waje kuwa ya kusa 23. Yanzu matsalar ta koma leɓen madigadi, wanda zai iya yanka gefen taya idan mota ta durƙusa a kwana ko ta ɗauki nauyi. Maganin da aka saba shi ne naɗe leɓen ciki da na'ura ta musamman, ana ɗumama fenti don kada ya tsage, tare da ɗan karkatar da saman taya ciki a wajen alaimen. Fito da wili waje da yawa yana kuma sauya layin da ƙafar gaba ke juyawa a kai, sitiyari ya yi nauyi ya riƙa fizga a gargada, boris kuma ya ɗauki lodin da ba a tsara masa ba ya mutu da wuri.

Sauran awon ƙanana ne amma ba a yi musu sassauci. Ramukan noti na wannan mota huɗu ne a kan da'irar milimita 100, ban da samfurin 2005 zuwa 2015 mai ramuka biyar a kan 114.3. Ramin tsakiya milimita 54.1 ne a masu ramuka huɗu, kuma idan na sabon wili ya fi haka faɗi ana sa zobe don ya zauna a cibiya, in ba haka ba mota ta riƙa rawa a gudu. Kan noti ma dole ya dace da mazauninsa a wilin, mai tsini da mai tsini, mai zagaye da mai zagaye. Idan akwai na'urar auna iska a cikin tsohon wili, sai an mayar da ita sabon, domin doka ta wajabta ta a sababbin motoci a Amurka tun 2007, a Tarayyar Turai kuma tun 2014.

Wajen zaɓen taya, bayan girma akwai lamba da harafi, misali 84W. Lambar 84 na nufin tayar na ɗaukar kilo 500, harafin W kuma gudun kilomita 270 a sa'a. H na 210 ne, V na 240, Y na 300. Sabuwar taya ba za ta gaza abin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ba. Akwai kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Wannan ya fi muhimmanci a girman da ba a cika saye ba, domin irinsa kan daɗe a shago, haka nan a kasuwannin da tayar gwanjo ta yi yawa. A Najeriya hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana jan kunnen direbobi kan tsofaffin tayoyi. Wata matsalar ita ce yawancin faffaɗan tayoyi masu inci 15 da ake ƙerawa yanzu na filin tsere ne ko masu kusa da shi. Suna riƙe busasshiyar kwalta ƙwarai, amma suna cinyewa da wuri, suna da ƙara, kuma zanensu kaɗan ne don korar ruwa. Saboda haka masu wannan gyara kan fara tabbatar da cewa tayar da suke so tana samuwa, sannan su sayi wilin da zai ɗauke ta.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Jamus wilin da ba na kamfani ba sai yana da takardar amincewa ga wannan samfurin mota, ko kuma a kai motar wurin masu bincike irin TÜV su duba su shigar da shi cikin takardunta. A Japan binciken mota na shaken ba ya barin wili ya leƙo waje da jikin mota. A Birtaniya da Tarayyar Turai zurfin zanen taya ba zai gaza milimita 1.6 ba. Kamfanonin inshora a ƙasashe da dama suna buƙatar a sanar da su duk wani sauyi, kuma ɓoye shi na iya zama hujjar ƙin biyan diyya bayan haɗari.

Bayan an ɗora, aiki bai ƙare ba. Ana ɗaure noti da sifana mai awo daidai da adadin da ke littafin mota, ana tsallake-tsallake tsakanin notin, ba bi da bi ba, sannan a sake dubawa bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Ana murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama, mota na ƙasa da nauyinta, a duba ko taya na taɓa wani abu. Wasu kan shafa alli a cikin madigadi su zaga, su dawo su ga inda ya goge. Ana yin alaimen sabo. Iska kuma ana farawa da ta kamfani, a auna ta taya na sanyi, a riƙa lura da yadda zane ke cinyewa: idan tsakiya ke ci, iska ta yi yawa, idan gefe biyu ke ci, ta yi kaɗan, idan gefe ɗaya ne, alaimen ne ke da gyara. Ga motar da ke zirga-zirgar yau da kullum, ragin inci ɗaya da ƙarin faɗin milimita 10 zuwa 20 yakan ba da mafi yawan ribar ba tare da an taɓa madigadi ko birki ba. Ragin inci biyu da faɗin inci 8 ko fiye ya fi dacewa da motar filin tsere, inda hanya a bushe take, ana kuma duba taya da noti kafin kowace fita.